Wa Ya Ƙarasa Muryar Baba?

Baban Auta ɗan wasan fim ne. Ya rasu bayan an gama ɗaukar fim ɗinsa na ƙarshe, kafin a sake naɗar muryarsa a wuraren da iska ta ɓata sauti. Da aka kusa sakin fim ɗin, darakta ya ce Auta ta je wajen edita ta fara gani.

Ɗakin edita ƙarami ne, an lulluɓe bangon da soso, ga allo biyu a kan tebur. Edita ya miƙo mata kujera, amma ya ƙi yarda su haɗa ido.

Ana cikin kallo aka zo inda Baba yake tsaye a bakin titi, iska tana kaɗa rigarsa. Muryarsa ta fito tas, har da ɗan gyaran muryar nan tasa.

"Tsaya," in ji Auta. "Mayar baya."

Ya mayar. Ta kasa kunne.

"Yaushe Baba ya naɗi wannan?"

"Ai... ɗan gyara muka yi."

"Darakta da bakinsa ya gaya min sautin wurin nan ya lalace. Lokacin Baba yana kwance asibiti, ko ruwa ba ya iya nema. Biri fa ya yi kama da mutum. Kwamfuta kuka sa ta yi magana da bakin mamaci?"

Edita ya rantse ba haka ba ne. Sai dai duk tambayar da ta yi, idonsa na kan ƙofar ɗakin naɗar murya. Auta ta miƙe ta tura ƙofar.

Baffa ne zaune gaban makirufo, ƙanin Baba. Rabon da su yi magana da Baba tun tana ƙarama, ko asibiti bai leƙo ba.

"Baffa? Me ya kawo ka nan?"

"Na zo in ji yadda ya fita, sai ga ki." Ya sunkuyar da kai. "Tun muna yara ba a bambanta muryarmu. Da na ji aikin Yaya ya tsaya, ni na kawo kaina."

"Yana raye ba ka gaishe shi ba, yanzu kuma ka ari bakinsa? Me kake nema?"

"Babu komai, 'yata. Sharaɗina ma kada a sa sunana."

Ta daɗe tana kallonsa, ba ta gama yarda ba. Sannan ta juya wajen edita.

"A saki fim ɗin. Amma a rubuta a ƙarshe wanda ya ƙarasa muryar. Ba za a ruɗi mutane da sunan Baba ba."

Baffa ya buɗe baki zai yi musu.

"In ba haka ba, a cire wurin gaba ɗaya," in ji Auta.

Edita ya jawo kujerarsa, ya tambayi Baffa yadda yake so a rubuta sunan.