Farantin da ke Bakin Rami

Injiniya tana tsakiyar juya cokali a kofin shayi oba-obar da ke kan teburinta ta yi ƙara. Tun kafin mai maganar ya faɗi lambar rundunarsa ta gane muryar. Kyaftin ne. Ya ce farantinsu na tauraron ɗan'adam ya ɗauke sabis, jirginsu maras matuƙi ya makance, ga abokan gaba suna matsowa ta cikin kwari, su kuwa sojojin ba sa ganin ta inda za su ɓullo.

Aikinta ke nan a ofishin sadarwa na sojoji: kula da farantan intanet da ke bakin daga. A yaƙin yanzu, rundunar da farantinta ya mutu ta zama makauniya kuma kurma. Ta duba kwamfuta. Ɗigon rundunar ya koma ja, amma matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Maɓalli ɗaya za ta danna daga nan inda take zaune, na'urar ta farfaɗo.

Ba ta danna ba. Ta ajiye cokalin a hankali.

Wannan Kyaftin ɗin shi ya kashe mata Auta, ƙanenta da ta goya a bayanta. Gida dai an ce musu ya rasu a bakin aiki. Sai da ta je asibiti duba wani abokinsa da aka yanke wa ƙafa ta ji gaskiya. Ba a ajiye faranti a cikin rami, sai a fili inda yake kallon sama, nesa da mutane, domin shi jiragen abokan gaba suke farauta. Ranar ana wasan ƙarshe na ƙwallo, hoto yana yankewa a wayar Kyaftin, shi ne ya tura Auta da rana tsaka ya je ya juya masa farantin. Ko takalminsa ba a samu cikakke ba. Mutumin nan ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba, tsohuwarsu kuwa har yau tana zuba abincin Auta ta rufe. Injiniya ta tsane shi, tsana irin wadda take hana barci, kuma ba ta taɓa roƙon Allah ya cire mata ita ba.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ta gyara murya ta shirga masa ƙarya. Ta ce daga nan babu abin da za ta iya, sai an je jikin farantin an danna wani maɓalli a bayansa. Kuma sabuwar doka ce, jami'in da aka yi rajistar na'urar da sunansa shi zai je da kansa, riƙe da oba-oba, tana yi masa kwatance.

"Madam, kin san abin da ke yawo a saman nan kuwa?"

"Na sani, Yallaɓai. Ai akwai waɗanda suka taɓa fita."

Ya yi zagi ƙasa-ƙasa, sannan layin ya yi shiru. Abokin aikinta da ke teburin gefe ya leƙo yana tambayar ko lafiya, wai ya ga tana murmushi ita da ba ta yi wa kowa. Ta ce shayin ne ya yi daɗi.

Can sai ta fara jin abin da ta daɗe tana mafarkin ji: jan ciki a kan tsakuwa, da haki, da wani zuuu na jirgin abokan gaba daga nesa kamar na sauro. Ta ƙara sautin, ta jingina da kujera. Bari ya ɗanɗana. Ya ji yadda sama take da faɗi in mutum ba shi da wurin ɓuya. So take ta ji ya kira uwarsa.

Hakin ya tsaya. Wata siririyar murya, wadda ba ta gama buɗewa ba, ta ce, "Yaya, na iso. Oga ya ce ke za ki nuna min maɓallin."

Kofin ya kife a kan siket ɗinta, ba ta ji zafinsa ba. Yadda aka yi ta manta da halin mutumin da ta fi kowa sanin halinsa, ita ma ba ta sani ba. Ta kai wa kwamfutar duka da yatsa. Ɗigon ya tsaya a ja kamar da gayya, sannan ya koma kore.

"Koma. An gyara."

"Ai ban taɓa komai ba, Yaya."

"Na sani. Koma da gudu, ƙanena, kar ka ɗaga kai."

Ta ji tashinsa, ta ji takun gudu. Zuuu ɗin nan ya matso har ya cika ofishin, daga nan oba-obar ta koma shuuu. Ta yi ta kira, tana matse na'urar da hannu biyu.

Da Kyaftin ya dawo, ta intanet ya kira, muryarsa tar kamar yana cikin ɗakin. Ya ce sabis ya kama, jirginsu ya tashi, sun hango mutanen kuma an tare su. Har da yi mata kirari, wai aikinta yana kyau.

"Yallaɓai, yaron fa?"

"Wane yaro?" in ji shi.