Shatin Hannun Baba

Dillalin ya shigo da takalmansa har tsakiyar falo, yana yatsina fuska kamar an ajiye shi a bola. Yaya Babba tana kallonsa. Shekara tara ta yi a gidan nan tana jinyar Baba, ita ce wanka, ita ce juya shi a gado, ƙannenta kuwa sai dai gaisuwa ta waya. Ko wata uku Baba bai yi da rasuwa ba suka haɗa baki a sayar da gidan. Inda ita za ta koma, babu wanda ya tambaya.

"A sauke hotunan nan," in ji dillali. "Mai saye kansa yake so ya gani a gida, ba fuskar wasu ba. A ɓoye keken guragun nan. A buɗe tagogi, warin magani ya yi yawa."

Auta, da ya iso jiya-jiya da 'yar jakarsa, sai gyaɗa kai yake yana rubutawa a waya. Wai shi nan mai kula da gida!

A hanyar banɗaki dillali ya ja ya tsaya. Wani dogon shati ne baƙi-baƙi a bango, daidai ƙugu, tun daga ƙofar ɗakin Baba.

"Wannan dattin fa?"

"Ba datti ba ne," in ji Yaya. "Hannun Baba ne. Nan yake dafawa in na riƙe shi."

"Allah ya jiƙansa. A shafe da fenti." Ya juya ga Auta. "In sun tambaya, ka ce babu kowa a ciki. Masu saye suna tsoron gidan da sai an yi rigima kafin mutum ya tashi."

Yaya ce ta yi fentin, don Auta ya ce warinsa na tayar masa da mura. Shafi ɗaya, shatin ya leƙo. Na biyu ma haka. A na uku ya ɓace, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Takaici ne, wallahi, ba wani abu ba. Ta kwashe tufafinta da katifarta ta cusa a sito, ta goge tayil har yana ɗaukar ido.

Ranar Asabar masu saye suka zo, mata da miji, suka tarar da ita da bokiti a hannu, fenti har gwiwar hannu. Suka zaga, suka bubbuɗe famfo, suka yaba hasken ɗakin Baba.

"Akwai mai zama a ciki?" mijin ya tambaya.

"Babu kowa," in ji Auta, ko inda-inda bai yi ba. "Tun rasuwar mahaifinmu a rufe yake."

Matar ta shafa bangon hanyar banɗaki, ta dubi Yaya da fara'a.

"Baiwar Allah, aikinki ya yi kyau. In mun saya, za ki riƙa yi mana shara?"

Yaya ta dubi Auta, yaron da ta goya a bayanta. Ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Ta jira, ta jira, bai ɗago ba.

"Da wurin kwana?" ta tambaya.

"A'a," in ji matar, "sai dai ki riƙa zuwa daga gidanku."