Tsallaken Kwarin Ban-Ruwa

Ranar rabon gonar mahaifinsu, Wasayo ne ya fara zaɓe, don shi ne babba. Ya ɗauki gefen da ke shan ruwa, ya bar wa ƙanensa Mital tsallaken kwarin ban-ruwa, ƙasar da gishiri ya cinye, ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Ya daɗe yana yaba wa kansa wannan wayo.

Kwatsam sai ga masu haƙar gas daga Gotki, suka kafa ƙarafunansu a tsakiyar gishirin nan.

Abin haushi, kwarin ne iyakar gundumomi biyu, harajin gas kuma duk can yake faɗawa. Can aka shimfiɗa kwalta, aka gina asibiti da makarantar 'yan mata. Nan kuwa sai ƙurar tankoki da ke sauka kan audugar Wasayo. Kamfanin ba ya ɗaukar ma'aikaci sai wanda mai ƙasa ya kawo da hannunsa, saboda haka Mital ɗin da aka raina shi ake bi yau. Ko harshen wutar rijiyar gas ɗin Wasayo ya hango, sai abinci ya fita ransa.

"Malam, ka je ka roƙar wa Sarang aikin direba," in ji matarsa Bagi. "Ɗanka ne, ga mata ga 'ya'ya, yana zaman kashe wando. Wurin ƙanenka za ka fa, ba wurin gwamna ba."

Da ƙyar ya tafi. Ya tarar da zauren Mital cike da mutane, fanka na juyawa, gadajen igiya sababbi fil. Aka kawo masa ruwan sanyi, ya sha kamar maɗaci.

"Yaya, ba mu hal," in ji Mital.

Haka al'ada take: baƙo ya zayyana labarin gidansa tsaf kafin ya faɗi buƙata, sannan mai gida ya ba da nasa, kuma abin da namiji ya faɗa a hal ba ya janye shi. Wasayo ya dubi fankar, ya dubi dattawan da ke russuna wa yaron da ya goya. 

"Lafiya lau muke. Auduga ta yi kyau. Sarang ma ya samu babban aiki a Karachi, kwanan nan zai tafi. Mu ba ma shaƙar hayaƙin kowa."

Fuskar Mital ta washe.

"Kai, alhamdu lillahi! Wallahi gurbin direba ɗaya ya rage, na hana kowa, na ajiye wa Sarang. Yau nake shirin aika maka. Tunda Allah ya buɗa masa..." Ya juya ga wani maƙwabcinsa. "Kamiso, turo ɗanka gobe."

Kamiso ya kama hannun Mital yana ta godiya. Mital ya ɗauko sabon mayafin ajarak ya yafa wa yayansa, ya ce a kai wa matafiyi.

A bakin gadar kwarin Sarang na jiran ubansa, ya yi aski, ya goge takalmi.

"Baba, me Baffa ya ce?"

Wasayo ya cire mayafin ya miƙa masa, ya kasa kallon idonsa.

"Ya ce Allah ya kai ka Karachi lafiya."

"Karachi kuma? Wa zan je wurinsa a Karachi?"