Kumfa a Zuciyar Mai Faci

"Yunƙura, Baba, kamar za ka ɗaga buhu," in ji likitar.

Mai facin taya ya yunƙura har jijiyar wuyansa ta miƙe. Tela, maƙwabcinsa, yana tsaye bakin gadon riƙe da hularsa. Shekara ashirin rumfunansu na jingine da juna, kullum cikin tsiya da tsokana, sai makon jiya da ya ga bakin mutumin ya karkace, hannunsa ya saki guduma. Abin ya wuce cikin mintuna, amma tela bai bar shi ba sai da ya jawo shi asibiti.

Nas ta kaɗa ruwan gishiri tsakanin sirinji biyu har ya yi kumfa, ta tura a jijiyar hannunsa. A allon na'urar hoton zuciya, gefe ɗaya na zuciyar ya cika fari fat. Can sai ga 'yan ɗigo suna tsallakawa ɗaya gefen.

Likitar ta ce huda ce a zuciyar tun daga haihuwa, kuma gudan jini na iya bi ta nan ya haura ƙwaƙwalwa. Ana iya toshe ta. Ta ce ya fara shan magani, ya dawo ranar Litinin.

Mai faci ya yi dariya har da tari. "Ashe sana'ata kuke yi, 'yata. Ni ma da kumfa nake gane huda."

A hanya ya ce wa tela, "Na ƙirga 'yan ɗigon nan, ba su kai ashirin ba. Irin wannan, taya sai ta yi wata ba ta sace ba."

"Kai ba taya ba ne, malam."

Amma wanzami ba ya son jarfa. Litinin uku suka wuce bai koma asibiti ba, tela ya yi lallami, ya yi faɗa, har ya haɗa shi da matarsa. Kullum amsar ɗaya ce, bari ya sallami masu jira.

Ranar Laraba da hantsi, tela ya ji ƙarar faɗuwar famfon iskar mai faci, bai ji zagin da ya saba biyo baya ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, ya shiga rufe masa rumfa, zuciyarsa cike da haushi da kewa. A rabin duron ruwan da marigayin ke gwada huda, robar taya na nan danne da bulo yadda ya bar ta. Tela ya tsuguna. Kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, 'yan ƙanana.