Littafi na Huɗu a Bakin Lelya Nedyalka

Ranar Alhamis ɗin nan Tsvetana ce ta shigo ɗakin karatu na unguwarmu a ƙarshe, da leda a hammata. Ba ta ko cire rigar sanyi ba ta zaro wani ƙaton littafi ta dangwarar da shi a tsakiyar tebur, kusa da farantin banitsa, gasasshen fulawarmu mai cuku a ciki. Kowa ya tsaya da taunar da yake yi.

"Ku buɗe ido da kyau," in ji ta. "Sun fassara shi. Bayan shekara tara."

Ƙofofin Gishiri ne, littafi na huɗu, da harshenmu na Bulgariya, sabo fil.

Duk mai karanta labaran dodanni da matsafa a ƙasar nan ya san halin masu buga mana littattafai. Su fassara na ɗaya, su raba na biyu gida biyu, su tsayar da na uku daidai inda jarumi ke lilo da hannu ɗaya a bakin dutse, sannan su yi shiru kamar an kwashe su. Haka suka bar mana Tarkun mai kwalekwale yana lilo shekara shida, har Lelya Nedyalka ta dawo daga Ingila, inda ta yi aikin kula da tsofaffi, da littafi na huɗu na Turanci a jakarta. Tun daga nan, kowace Alhamis da ƙarfe huɗu sai ta ɗora shi a cinya, ta gyara tabarau, ta juya mana babi guda da baki. Shekara uku muna haka. Kujerar da ke jikin na'urar ɗumama ɗaki ta zama tata, ba mai zama ko ba ta nan. Goggon kowa ce, har Bai Lyuben shugabanmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya girme ta da shekara biyar, lelya yake ce mata, wato goggo, shi kuma Bai muke ce masa don girmamawa.

"Mako mai zuwa za mu jefa wake," in ji Bai Lyuben yana shafa bangon littafin. Haka muke zaɓen abin karantawa tun kafuwar ƙungiyar: kowa da farin wake ɗaya da baƙi ɗaya, a jefa cikin tsohuwar kwalbar yaji, fari na nufin a karanta. Wanda bai gama littafin baya ba, ba shi da wake.

Na dubi Lelya Nedyalka. Ta ajiye kofinta a kan faranti ba ta kurɓa ba.

Washegari da hantsi sai ga ta a shagona na tabarau. Ta jira mai sayayya ya fita, ta juya allon ƙofa zuwa 'an rufe' da kanta.

"Zornitsa, 'yata, baƙin wakenki nake so."

"A kan me, lelya? Ke fa kika san littafin nan kamar tafin hannunki."

"Shafi talatin na sani."

"Ban gane ba."

"Turancina na 'kin sha magani?' ne, da 'ɗaga ƙafa in sa miki safa.' Na yi fama da shafi talatin da ƙamus har idona ya yi ja. Na zo ranar nan in faɗa muku ba zan iya ba, sai na ga Lyuben ya sa sabuwar riga ya zauna yana jira. To, sai na buɗe baki."

Na nemi kujera na zauna. "Yaƙin gadar ƙanƙara fa?"

"Nawa ne."

"Yariman da dodo ya haɗiye?"

"Tsohon mijin 'yata ne. Har gashin bakin."

"Lelya! Zdravko direban tasi ya zana kalaman Tarkun na ƙarshe a damtsensa. Da allura!"

"Ina yanka albasa suka zo mini." Ta share ido. "In suka karanta wancan, da wace fuska zan sake shiga ɗakin nan? Ba ni da kowa a garin nan sai ku da Alhamis."

Na yi mata alkawarin wakena. Ta fita neman baƙin waken sauran 'yan ƙungiya da tiren gasasshen tattasai, gida gida.

Ranar zaɓe mu bakwai muka cika. Lelya Nedyalka ta zo da nata ɗan takarar, wani littafi mai shafi ɗari tara a kan masarautar aljanu masu dogayen kunnuwa.

"Me za mu yi da labarin da muka riga muka sani?" in ji ta. "Ga sabon abu. Taswira uku ce a ciki."

"Na leƙa shi," in ji Zdravko direban tasi. "Shafi tamanin ana kwatanta bishiya ɗaya, lelya. Bishiyar ma ba ta yi komai ba. Ni in ba a zare takobi kafin shafi na goma ba, mayarwa nake."

"Kai ai ko takardar magani aka ba ka sai ka nemi inda aka sare kai," in ji Tsvetana. Shekara talatin ta yi tana koyar da adabi, har yau jan biro take karatu da shi. "Ni damuwata aljanun. Sun shekara dubu uku a duniya, amma ba wanda ya taɓa tunanin haƙa masai."

"To a ɗauko na yarinyar nan da aka ce ita ce zaɓaɓɓiya," in ji wata daga ƙarshen tebur.

"Mun karanta zaɓaɓɓu huɗu bana," in ji Bai Lyuben. "Dukkansu marayu, dukkansu da tabo. Ni kuma tafiyarsu ce ba ta yi mini. Daga babban birni zuwa teku kwana biyu a doki, dawowa wata uku. Wa ya tsara musu jadawali?"

"Bai Lyuben, jirginka na Varna ma haka yake yi," in ji Zdravko.

Aka yi dariya, ban da mutum biyu: Lelya Nedyalka, da Tsvetana da ta zuba mata ido ta saman tabarau.

"Abin mamaki, Nedyalka," ta ce a hankali. "Na ɗauka ke za ki fi kowa ɗokin ganin an tabbatar da aikinki."

Kwalba ta zagaya a kan karanta fassarar. Bai Lyuben ya juye ta a kan tebur, ya ware da ɗan yatsa. Fari biyar, baƙi biyu. Duk waɗanda suka cinye tattasan lelya fari suka jefa.

Aka ba mu mako biyu. Na karanta nawa a shago tsakanin masu gwada tabarau. Allah ya sani na yi ƙoƙari. Tarkun na gaskiya ya sauko daga dutsen a layi biyu, sannan ya shiga hamada ya yi shafi ɗari biyu yana tuna ƙuruciyarsa. Babu gadar ƙanƙara. Dodon ya bayyana sau ɗaya, a mafarki. Mirzela matsafiya, wadda lelya ta kashe mana a babi na ashirin har Tsvetana ta fita waje wai hayaƙi ya shiga idonta, tana nan da ranta, an naɗa ta kwamitin rabon ruwa.

Alhamis ta zo. Lelya Nedyalka ta sa baƙaƙen kayanta na zuwa jana'iza, ta ƙi zama a kujerarta, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da jaka.

"Kafin kowa ya yi magana," ta ce, "ina da abin faɗa. Abin da na riƙa karanta muku..."

Bai Lyuben ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Ba sai kin faɗa ba, lelya! Duk mun gani. Yanka shi suka yi!"

"Su wa?" in ji ta.

"Masu bugawa mana! Sun cire gadar, sun cire yariman, sun cika wurin da yashi. Shekara arba'in ina karanta fassararsu, na san aikinsu. Wanda ya raba littafi gida biyu, me zai hana shi cinye rabinsa?"

Zdravko ya naɗe hannun riga ya nuna damtse. "Na duba shafi shafi, babu kalaman nan. A ce mutum ya mutu bai faɗi wannan ba? Bai ma mutu ba! Mai fassarar nan ko dai bai iya Turanci ba, ko matarsa ce ta hana shi kashe mutane."

"A rubuta musu takardar ƙorafi!"

"A sa sunan lelya a sama, ita ce shaida!"

Lelya Nedyalka ta juyo. Ta dube ni. Ni kuwa na sami abin kallo a cikin kofina.

Sai Tsvetana ta ɗaga jan bironta. Ɗakin ya yi tsit, don duk garin nan ba wanda bai taɓa zama a ajinta ba ko ɗansa.

"Jikata tana karatu a Sofiya," ta ce. "Na aika mata da shafi goma na fassarar, ta gwada da na Turancin."

Jakar lelya ta zame ta faɗi ƙasa.

"To?" in ji Bai Lyuben. "Me ta ce?"

Tsvetana ta daɗe tana duban littafin da ke gabanta. Na hango gefen shafukan, duk sun yi ja da biro. Ta rufe shi, ta tura shi can gefe da bayan hannu.

"Yaran yanzu me suka sani? Ba wannan ba. Ta ce na biyar ya fito da Turanci tun bara. Na sa ta aiko. Masu bugawa kuma a ƙyale su, kada a rubuta musu wata takarda, kada su ji daɗi su ce ana karanta su." Ta zaro wani littafin daga leda, ya fi na huɗu kauri. "Ina ba da shawarar Nedyalka ta karanta mana. A kawo kwalba."

Fari shida. Na bakwai bai shiga ba, Lelya Nedyalka ba ta jefa nata ba.

Da aka tashi ina tattara kofuna, Tsvetana ta ɗauki littafin ta ɗora wa lelya a hannu biyu, ta matso kusa da kunnenta. Ba ta iya raɗa ba, muryar aji gare ta.

"Ranar Talata za ki riƙa zuwa gidana da babin, in ji shi kafin kowa. Kin cika gaggawa a wurin yaƙi, kuma sau biyu kina canja wa dokin Tarkun launi."

"Tsvetana, ni..."

"Kuma ki dawo mini da Mirzela."

"Ta mutu fa. Na binne ta. Ke kanki kin yi kuka."

"Hayaƙi ne. Matsafiya ce, ki san yadda za ki yi. Babi na uku nake son ganinta, kuma kada ki kuskura ki sa ta a kwamiti."

Lelya Nedyalka ta juya littafin, ta duba lambar shafin ƙarshe, ta ja dogon numfashi. Sannan ta taka a hankali zuwa kujerarta ta zauna, ta ciro tabarau.

"Zornitsa, 'yata," ta ce, "gobe ki duba mini gilashin nan. Da alama zan daɗe ina kallon takarda."