Ƙirjin Kaza Ba Ya Duhu

Riskuwa ta dawo Tungar Na'Allah, ɗan ƙauyensu na masunta kusa da Kaoje, ranar da ake bikin samun 'yancin kai. Ba ta shirya zuwan ya faɗo ranar ba. Ta kwashe makonni a ƙetaren iyaka, a wani ƙauyen ƙasar Dahome wajen Segbana, tana yi wa 'yarta Saratu wankan jego. Da ta ga maijego ta yi ƙarfi, jariri ya fara cika hannu, sai hankalinta ya koma kan agwaginta.

Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinsu, wanda ƙanenta Arzika ke riƙe da shi. Ita ta goyi Arzika bayan rasuwar uwarsu, ita ta tauna masa tuwo yana ƙarami. A gidan ba ta da gona, ba ta da kwalekwale, agwagin nan su ne abin hannunta, kuma irin na uwarsu ne, ba a taɓa bari ya yanke ba. A damanar shekarar wata cuta ta bi tungar ta share kaji kaf, har aka rasa zakaran da zai yi cara, amma agwagin Riskuwa ko tari ba su yi ba. Ranar da za ta tafi ta bar babbar uwarsu tana shirin kwanci a ƙarƙashin rumbu, ta damƙa wa Iyatu, matar Arzika, amanarsu.

Tun daga bakin fadama ta ji kiɗa. An kafa tuta mai kore da fari a ƙofar gidansu, an shimfiɗa tabarmi daga zaure har gindin tsamiya, maza sun cika wurin. Wata mata da ta haɗu da ita a hanya ta ba ta labari: manyan jam'iyya ne suka zo daga Birnin Kebbi, Arzika ne ya roƙi a sauke su gidansa, don yana neman a naɗa shi wakilinsu na wannan yanki.

Ta bi ta ƙofar baya. Iyatu na ganinta ta saki ludayi, ta taho da gudu ta karɓi kayanta.

"Maraba da Yaya! Sannu da hanya. Ina Saratu? Ina angona? Ai da kin aiko an tarbe ki."

Gaisuwar ta yi yawa. Riskuwa ta amsa tana waige-waige a tsakar gida.

"Ina agwagina?"

"Suna ruwa, Yaya. Kin san su da wagga hayaniya, tun da sahe sunka gudu fadama."

"Mai kwancin fa?"

"Tana nan. Zamna ki ci abinci tukuna, kin sha tahiya."

Ta jawo ta ɗaki, ta ajiye mata akushin shinkafa da miya, an jera soyayyen nama a kai. Riskuwa ta dube shi.

"Nama haka? Ina kunka samu?"

"Kaji ne. Maigida yas sayo su kasuwar Bagudo saboda baƙi."

Yunwa na cin Riskuwa. Ta yi bisimilla, ta ɗauki tsoka mafi girma. An cire mata fata, an soya ta har ta yi ƙwari, yaji ya rufe ta. Ta sa yatsu ta yage ta biyu, za ta kai baki, sai hannunta ya tsaya. Ƙashin ƙirji ne a hannunta, dogo, mai faɗi kamar cikin jirgin ruwa. Naman da ke jikinsa kuwa duhu ne tun daga waje har ƙashi, kamar hanta.

Ta juya shi, ta sake juya shi.

"Iyatu."

"Na'am, Yaya."

"Wanga ƙirjin kaza ne?"

"Suya ce tay yi yawa, shi yas sa yay yi baƙi."

"Suya waje takan ƙona. Duba cikinai." Ta miƙa mata har gaban hanci. "Tun ba a haihe ki ba nike hige kaji. Kaza ba ta tashi sama. Fiffikenta banza ne, sai in kare ya koro ta ta yi fir ta faɗi, shi yas sa ƙirjinta fari fat, ba ya aiki, jini bai zamna cikinai ba. Ƙafarta ka wahala, ita ka tono tun asuba, shi yas sa cinya ta hi duhu. Abin da ƙirjinai yay yi duhu haka, tashi shikai. Tantabara ce ko agwagwa. Wagga kuwa ta hi tantabara."

Iyatu ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta.

Riskuwa ta ture akushin, ta fita. Ta durƙusa gaban rumbu ta leƙa. Ƙwai na nan a jere cikin gashin da uwar ta fige daga jikinta ta shimfiɗa musu. Ta sa hannu ta taɓa. Sanyi ƙalau. Ta ɗauki ɗaya ta kara a kunne ta girgiza a hankali, ta ji nauyin abin da ke ciki, wanda ya kusa fitowa. Ta mayar da shi.

A bayan danga, wajen juji, ta ga inda aka tone ƙasa aka rufe da sabuwar toka. Ba ta nemi fartanya ba, da hannu ta tona. Kawuna ne da ƙafafu. Bakuna masu faɗi, yatsu masu fata a tsakani. Ta san su ɗaya bayan ɗaya: toron, babban namijinsu mai jan fuska, gurguwar da kifi ya taɓa cizo tana ƙarama, da uwar. Ta kwashe su cikin ƙwarya, ta ɗora tsokar ƙirjin a kai, ta nufi zaure.

Iyatu ta sha gabanta tana kuka.

"Yaya, don Allah, don Annabi, ki bari baƙi su tahi. Wallahi na hana shi."

"Kin hana shi, kuma kinka zuba min su cikin akushi. Kauce."

Mace ba ta ratsa zaure in maza na cin abinci. Riskuwa ta ratsa. Makaɗi ya fara ganinta, ya sassauta hannu. Arzika na tsugune kusa da babban baƙon, wani mai ƙiba da babbar riga fara, yana tura masa kwano gaba. Da ya ɗago ya ga yayarsa, toka har gwiwar hannu, sai murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Yaya! Yaushe a gari? Shiga ciki, ga ni tahe."

"Arzika, mi kab ba baƙinka?"

"Yaya, ki shiga ciki."

"Tambaya nay yi. Naman mi ne?"

Ya dubi mutane, ya yi 'yar dariya. "Kaji mana. Na Bagudo. Tahiya ce ta gajiyar da ita, ranka shi daɗe."

Wannan ce ta ƙarasa ta. A gaban jama'a, ya maimaita ƙaryar da Iyatu ta yi mata, har ya haɗa da mai da ita mai taɓin hankali. Ta kifar da ƙwaryar a kan tabarma. Kawunan suka gangara tsakanin kwanoni, wani ya tsaya a gefen rigar babban baƙon.

"Ga kajin Bagudo! Ku duba bakinsu! Ku duba ƙafarsu! Ku yaga ƙirjin da ke hannunku, in kun ga fari ku tsine min. Agwagina ne. Na tahi jegon ɗiyata, ƙanena da na goya ya bi dukiyata da wuƙa, har da wadda ke kwance bisa ƙwai, don ita ce ba ta gudu!"

Kiɗa ya tsaya. Ta tsaya tana haki, tana jiran wani ya ce subhanallahi, wani ya dubi Arzika da idon da ya dace.

Babban baƙon ya sa yatsa ya ture kan agwagwar daga rigarsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi.

"Haba, Inna," ya ce, "ai tun loma ta farko na sani. Uwata 'yar bakin kogi ce, da naman agwagwa aka yaye ni. Na ga dai maigida ya ce kaza, na ce to, baƙo ba ya gyara wa mai masauki magana. Amma wallahi kin iya kiwo. Ban taɓa cin mai daɗin wannan ba."

Ya ɗauki wata tsoka ya kai baki. Mutanensa suka fashe da dariya, 'yan gari suka bi su. Maroƙi ya samu abin yi, ya ɗaga murya yana kirarin Arzika mai mai da agwagwa kaza. Shi kansa Arzika da ya ga inda iska ta kaɗa, sai ya shiga dariyar yana sosa ƙeya.

Kawunsu Malami, ƙanen uwarsu, tsoho mai sanda, ya taso ya kama hannunta.

"Riskuwa, ya isa. Yau ranar farin ciki ce, ƙasa ta samu kanta. Kada ki ɓata wa yaro rana saboda tsuntsaye."

"Kawu, irin Inna ne. Kai ma ka sani."

"Na sani. Ki yi haƙuri. Ke ce babba."

"Ni ce babba ran da za a ba da haƙuri. Ran da za a yanka, ba a san da babba ba."

Ta fizge hannunta. Ta durƙusa ta tsince kawunan ɗaya-ɗaya a gabansu, ba ta yi sauri ba, ta koma ciki. Kafin ta kai tsakar gida kiɗa ya tashi.

Da la'asar, bayan baƙi sun shiga jirgin ruwa sun tafi, Arzika ya shigo yana huci. Shi ne ma mai fushi.

"Kin so ki kashe ni a idon duniya! Allah ne yat taimake ni mutumen nan mai raha ne. Babu kaza ko ɗaya a garin ga, Bagudo ruwa ya yanke hanya, mi kike so in ba su? Gayan tuwo? In na samu wanga matsayi, ba duk gidan ga za shi ci ba?"

"Da ka aiko min, da na ba ka torayen da hannuna."

"Ina lokacin aike?"

"To da na dawo fa? Da ka tarbe ni ƙofa ka ce, Yaya, na yi miki ɓarna. Sai kas sa matarka ta zuba min su, ku zamna ku ga ko wawuyar tsohuwa za ta gane. Da na cinye, gobe mi za ku ce? Ku ce kada ne ya kwashe su a fadama?"

Ya kau da kai. Ta gane abin da suka shirya faɗa ke nan.

"Hwaɗi da bakinka, Arzika. Ce ka yi min ƙarya."

"Ni dai na san na hid da gidanmu kunya."

Ya juya ya fita. Iyatu ce ta matso daga baya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce akwai wata ƙaramar baƙa da ta tashi sama lokacin da ake kamun, ta tsallake danga, ba a same ta ba.

Washegari da safe Riskuwa ta ɗaure zane ta shiga fadama, ruwa har ƙugu, tana ratsa shinkafar mutane, tana kiran da ta saba yi musu in za ta ba su dusa. Rana ta ɗaga sosai kafin baƙar ta leƙo daga cikin ciyawa. Ba ta yarda ta matso da wuri ba. Da ta shiga hannu, Riskuwa ta ji zuciyar tsuntsuwar na bugawa a tafinta, ta ji ƙarfin ƙirjin nan da ya fid da ita.

Ta binne ƙwan a gindin rumbu. Ta naɗe tabarmarta, ta haɗa tukunyarta da 'yan koransu, ta sa agwagwar a kwando. Iyatu ta bi ta har bakin gari tana roƙo. Kawu Malami ya aiko a ce mata kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ta ce a gaya masa ta ji. Ta kama hanyar da ta biyo jiya, ta koma ƙetare wajen Saratu. Surukinta ya yi mata ɗaki a gefen gidansa, ya samo mata toro wajen wasu Dandawa.

Arzika ya samu wakilcin. Da rani, hanya ta bushe, ya zo a kan sabon keke, da hula mai aiki, da ɗaurin goro. Ya tarar da ita a bakin rijiya, 'yan agwagi na bin ƙafarta. Ta amsa gaisuwarsa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa, ta tambayi Iyatu da yara da jikin Kawu. Ya yi ta zance, labarin taro, labarin hanyar mota da aka ce za a yi. Daga ƙarshe ya ce mutane na magana, ana cewa ya kori yayarsa, ya kamata ta dawo.

"Abin da yaw wuce ya wuce, Yaya."

Ta jira ko akwai saura. Ya ɓare goro, ya miƙa mata rabi. Babu saura.

"Rana na yi," ta ce. "Ka kama hanya tun da sauran sanyi. Ka gai da gida."

"Yaya, har yanzu?"

"Har yanzu."

Ya tura kekensa har bayan gari kafin ya hau. Ita kuwa ta ɗauki guga ta koma bakin rijiya, don ba ta gama cika kwatarnin agwagi ba.