Hannun Kamila

Walida tana juya man kaɗe a tukunyar da surukarta ta haramta a sake dafa miya a ciki, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta rage wuta, ta goge hannu a zane, ta je ta buɗe.

Kamila ce, cikin doguwar riga da mayafi, ga safar hannu baƙa har wuyan hannu. Ƙarfe biyu na rana a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, lokacin da ko kuliyoyin layin sukan nemi ƙarƙashin mota.

"Sanyi kike ji?" in ji Walida.

"Anti, don Allah mu shiga kicin."

Shekara biyar ke nan Walida tana digiri na uku kan sinadaran man shafawa. Jami'a har yanzu ba ta yarda ta zama dakta ba, amma matan Najeriya na Kuala Lumpur sun daɗe da ba ta takardar. Duk wadda fuskarta ta yi ƙuraje, ko ta sayi man bilicin ya mayar da ita kala uku, gidan Walida a hawa na tara take nufa. Kamila tana cikin masu zuwa duk wata. 'Yar Kaduna ce, ta kusa talatin, ta zo karatu, karatun ya ƙare, ita ba ta koma ba. A unguwar Sentul take zaune ita kaɗai. Kullum abu ɗaya take saya: mai marar turare, marar kala, wanda ba ya narkewa a zafi. In aka tambaye ta sana'a sai ta ce a intanet take aiki. Wannan bai taɓa damun kowa ba, don a garin nan har mai kedai, kantin nan na ƙasan bene, a intanet yake aiki.

Suka wuce ta falo. Iya Ɗelu, mahaifiyar mijin Walida, tana zaune a ƙasa tana tsintar busasshen zogale, jaririya Ummi tana barci a bayanta. Wankan jego ya kawo ta daga Gwarzo, na kwana arba'in. Yanzu ana wata na uku, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin ƙirga mata.

"Ina yini, Iya."

"Lafiya lau, 'yar nan. Safa kuma? Babur kika tuƙo?"

Kamila ta yi dariyar da ba ta kai ido ba, ta shige.

A kicin ta tura ƙofa, ta zare safar a hankali, yatsa bayan yatsa. Walida ta ja numfashi. Baƙin lallen ya fara dusashewa, amma zanen ya taso da kansa, ja, ya kumbura, wasu wurare sun yi ruwa. Dagin Arewa ne a bayan kowane hannu, da ƙananan furanni suna gangarawa yatsu. Ko mai ɗinkin hula ba zai fitar da shi tsaf haka ba.

"Dayis kika zuba a lallen."

"Kowa yana zubawa, Anti."

"Kowa yana zubawa ranar biki, sau ɗaya. Ke sau nawa?"

Kamila ta kalli tukunya. "Duk kwana biyar."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi."

Walida ta jawo kujera ta zauna. Ta san yadda abin yake. Fata tana haƙuri da rinin gashi tsawon lokaci, ba ta cewa komai, rana ɗaya sai ta tuna da duk abin da aka yi mata. Amma akwai abin da bai daidaita ba. Kumburin ya fi tsanani a gefen da haske zai bugi hannu, kuma a wuyan Kamila, inda mayafi ya zame, akwai wasu ƙuraje da ɗan ƙyalli manne da su.

"Me kike shafawa banda man da nake ba ki? Kuma me ke sa ki zufa haka? Ki gaya mini gaskiya, in ba haka ba zan ba ki abin da zai ƙara ƙona ki."

Kamila ta ja mayafi ta rufe wuyan.

"Fitila ce. Irin mai zoben nan, guda biyu. Awa huɗu, wani lokaci biyar. Ina zama gaban kyamara." Ta rage murya. "Maza ne ke kallo a intanet, Anti. Suna biya. Kin gane ai."

Walida ta gane. Wa'azi cikakke ya taso mata har maƙogwaro, da gabatarwa da hujjoji, tsararre fiye da babi na huɗu da malaminta ya dawo mata da shi sau uku. Ta buɗe baki. Sai ɗigon ruwa ya gangaro daga dagin hannun daman Kamila ya faɗa kan tebur. Ta tashi ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi.

"Miƙo. Kuma ki zazzage jakar nan."

Kaya suka zubo: man ƙyalli a kwalbar da ba ta da suna, hoda mai ƙamshin alewa, gam na gashin ido, jan baki uku. Duk daga wani tebur a bayan titin Jalan TAR, inda mai sayarwa ya rantse mata da addinai biyu cewa daga Koriya suke. Walida ta ɗaga man ƙyallin ta duba a hasken taga.

"Wannan ƙyallin na ado ne, irin wanda yara ke mannawa a kati. Gefensa kaifi gare shi. Kina goga shi a jiki, kina zufa, fitila tana gasa ki. Ko kaza ba a yi wa haka." Ta jefa shi a kwandon shara, ta bi shi da hodar. Jan baki ɗaya ne ya tsira, shi ma da gargaɗi. "Yau za ki je kilinik a ba ki maganin kumburi. Wannan ba aikin man kaɗe ba ne. Dayis kuwa, kun rabu har abada, ko a gashi."

"Zai goge?"

"Ciwon zai warke cikin sati biyu, in kin bar shi. Tabon zai yi duhu ya zauna. Wata shida, ko fiye."

Nan ne Kamila ta fara kuka, a hankali, hannuwanta a sama kamar mai addu'a, don ba ta da inda za ta ajiye su.

"Bikin Khaulah saura sati uku. Ƙanwata ce, ni ce babbar yaya. Ni zan riƙe ta a kamu, ni zan yi liƙi, masu bidiyo suna kaina. Anti, ban taɓa nuna fuskata ba, ko sau ɗaya. Hannun nan suka sani. Zanen kullum ɗaya ne, ni na ƙirƙiro shi, da shi ake gane ni. Na yi niyyar in bar shi ya goge kafin in tafi." Ta ja hanci. "Kuma ba Turawa kaɗai ba ne. Akwai masu rubuto mini da Hausa. Har da sallama suke farawa."

Walida ta bi duk abin da ta sani a kai, shekara biyar na karatu, ba ta sami abin da ke cire tabo cikin sati uku ba, sai abubuwan da za su cire fatar tare da shi.

Ƙofa ta buɗe. Iya Ɗelu ta shigo da tiren zogale, Ummi har yanzu a baya.

"Ni ban ji komai ba," in ji ta. "Ƙofar ce ba ta da kauri."

Kamila ta yi ƙoƙarin ɓoye hannu a mayafi. Iya ta ajiye tire, ta kama wuyan hannun, ta juya shi ga haske, ta daɗe tana kallo.

"An ɓata wa lalle suna. Dakta, ina robar ruwan nan doguwa?"

"Me za a yi da ita, Iya?"

"Zunguru. Tunda ɗana ya ce jirgi ba ya ɗaukar ƙwarya." Ta juya ga Kamila. "Mu a zamaninmu ba a zane. Lalle ake kwaɓawa, jan nan na gaskiya, a zura hannu gaba ɗaya a zunguru har wuyan hannu, a wuni da shi. A yi sau uku. Ya fito ja ya koma baƙi-baƙi, ko ƙuna ce a hannun ba mai gani. Na zo da ganye daga gonar ƙanina, ni na daka shi. In ciwon ya warke ki dawo. A bikin za su ce yayar amarya ta zo da gargajiya daga ƙasar waje, wata uku duk 'yan matan Kaduna za su kwaikwaya."

Walida ta yi tunani. Jan lalle zalla ba ya ɗauke da abin da ya ƙona ta. Zai iya rufewa. Ya ɗan ɓata mata rai cewa ba ita ta tuna ba.

"Sai an gwada tukuna," ta ce. "Ɗigo ɗaya a cikin dantse, a jira kwana biyu."

"Lallen nawa za ki gwada? Da shi aka yi wa uwata ƙunshi."

"Ko na kakar kakarku ne, Iya, sai an gwada."

Iya Ɗelu ta yi tsaki, amma ta je ta ɗauko ƙullin daga ƙasan akwati. Ta kwaɓa kaɗan a murfin kwalba, ta naɗe hannun rigar Kamila da kanta, ta ɗiga inda surukarta ta nuna, tana gunaguni kan boko.

"Sauran maganar tana nan," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Za mu yi ta, ni da ke, bayan hannu ya warke. Ba a yi wa mutum faɗa yana jin ƙaiƙayi, ba ya saurare."

"To, Iya." Kamila ta kalli ɗigon koren. "In bai rufe duka ba fa? In wani a wajen bikin ya gane?"

Iya ta gyara goyon Ummi.

"Sai ya tashi a gaban matarsa da surukansa, ya fara gaya mana inda ya gani."

Ta buɗe tukunyar tuwo, ta zuba a kwano, ta duba hannuwan Kamila da ke sama har yanzu. Ta wanke nata hannun, ta jawo kujera kusa.

"Buɗe baki," in ji ta.